Baba Kai-Kawo da Kwamfutocin da Ba Sa Gaisawa

Shekara ashirin da bakwai Baba Kai-Kawo ya yi yana aikin masinja a asibitin nan, kuma da za a miƙe tafiyar da ya yi tsakanin ɗakin kati da ɗakin gwaji da ɗakin magani, wallahi da tuni ya kai bangon duniya ya dawo. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya kamar wanda ya baro tukunya a kan wuta. Kullum za ka gan shi da fensir a bayan kunne da wata tsohuwar jakar fata a hammata. Sunansa na yanka yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma ko Babban Likita sai ya buɗe fayil kafin ya tuna shi. Kowa Kai-Kawo yake ce masa, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba.

Ga yadda aikin yake. Asibitin yana da kwamfutoci uku, kowace da rumbun bayananta, kuma shugabanni uku ne suka sayo su, kowa a zamaninsa, kowa daga kamfanin da ya kwanta masa a rai. Ta ɗakin kati ta san sunan mara lafiya da lambar katinsa. Ta ɗakin gwaji ta san jininsa da fitsarinsa. Ta ɗakin magani kuwa ta san abin da ya sha da abin da jikinsa ba ya karɓa. Amma a ce ɗaya ta tambayi ɗaya wani abu? Ina! Ko sallama ba ta haɗa su. Sai a buga takarda a nan, Kai-Kawo ya ɗauka, ya bi doguwar baranda, ya hau matakala goma sha tara, ya miƙa a can, wani ya zauna ya sake bugawa da hannu.

Su ma kwamfutocin halin masu su suka ɗauko. Uwar Kati, wata mace mai jiki da tabarau a kan hanci, ba ta ga maciji da Mai Gwaji tun wata rigima da suka yi a kan fanka. Mai Gwaji da Mai Magani kuwa ba wanda ya ma tuna abin da ya haɗa su, sun dai riƙe gabar ne kamar amana. Don haka ban da takarda, Kai-Kawo yana ɗaukar saƙon baki.

Mai Gwaji zai buga tebur ya ce, "Je ka gaya wa malalacin can, in bai iya karatu ba ya koma firamare!"

Kai-Kawo zai ce to, ya fara sauka. Kafin ya kai matakala ta goma saƙon ya huce. Yana isa tagar Mai Magani zai ce, "Mai Gwaji yana gaishe ka. Ya ce ko rubutunsa ne bai fito ba, don Allah ka ƙara dubawa."

"Ka ce masa tonon kaza ya fi rubutunsa kyau!"

Ya koma sama ya ce, "Yana amsawa. Ya ce ka yi haƙuri, idonsa ne ya fara rauni."

A haka aka kwashe shekaru ba wanda ya fasa wa wani kai, kowa yana ganin shi ne ake tsoro.

Aibi ɗaya aka sani a wurin bawan Allahn nan, shi ne ɓata takarda. Duk takardar da ta biyo ta hannunsa sai ya juya bayanta ya yi ɗan zane a kusurwa da fensirinsa. Wani lokaci da'ira, wani lokaci sanda, da 'yan ɗige-ɗige a sama ko a ƙasa. Sau biyu Mai Gwaji yana kai ƙararsa. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce hannunsa ne ba ya iya zama, aka yi masa faɗa, ya fita ya ci gaba da abinsa.

'Ya'yansa biyar, amma ta biyun ita ce 'yar gaban goshi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Tun tana aji uku ta kwance rediyon gidan gunduwa-gunduwa ta mayar, ya dawo yana magana, sai dai ya rage ƙusa huɗu da har yau ba a san mazauninsu ba. Ta girma ta karanci kwamfuta a jami'a, ta samu aiki a wani kamfani. Ba wanda ya tsira daga wannan labari a asibitin, har marasa lafiya da ke kan layi. Zai buga cinyarsa ya ce, "Ƙafafun nan da kuke gani, su suka yi digirin nan."

To ana nan sai hukumar asibiti ta ba wani kamfani aikin haɗa kwamfutocin uku, kuma cikin ikon Allah wadda kamfanin ya turo ita ce 'yar tasa. Ranar da za ta fara, Kai-Kawo sai da ya goge takalmi sau biyu. Ya kuma kafa doka cewa a gida Uwata ce, amma a asibiti Injiniya ce, har a bakinsa.

Aka tara shugabannin ɗakuna a ofishin Babban Likita. Kai-Kawo yana tsaye a bakin ƙofa, don masinja ba ya zama a taro. Kowane cikin ukun nan ya zo a shirye da faɗa, yana jiran a ce za a zubar da kwamfutarsa.

Injiniya ta ce, "Ba za mu taɓa rumbun kowa ba. Kowa zai riƙe nasa yadda yake. Abin da za mu yi kawai, kowace kwamfuta za mu buɗe mata 'yar taga ta intanet. In aka tambayi ta ɗakin kati wane ne mai lamba kaza, ta miƙo amsa ta tagarta. In aka tambayi ta ɗakin gwaji sakamakon wane, ita ma ta miƙo ta tata."

Uwar Kati ta sauke tabarau ta ce, "'Yar nan, kina nufin wancan mutumin ba zai leƙa cikin rumbuna ba?"

"Ba zai ga komai ba, Mama, sai abin da kika yarda ki miƙo ta taga."

"To Allah ya yi miki albarka."

Injiniya ta ci gaba. "Sai kuma mu sa wata manhaja a tsakiya. Ita za ta karɓi tambaya daga nan ta kai can, ta juya ta zuwa irin maganar da waccan kwamfutar take ganewa, ta karɓo amsa ta dawo da ita."

Kai-Kawo yana ta gyaɗa kai, bakinsa har kunne. Can sai kan ya daina gyaɗuwa. Ta karɓa daga nan, ta kai can, ta juya magana, ta dawo da amsa. Kai! Wannan ai shi ake siffantawa, saura kawai a ce tana da fensir a kunne.

Babban Likita ya ce, "Minti nawa za ta ɗauka?"

"Daƙiƙa biyu, ranka ya daɗe."

Babban Likita ya waiga ya dubi bakin ƙofa, ya yi sauri ya kawar da kai. Washegari ya kira Kai-Kawo shi kaɗai, ya yi ta kame-kame, ya tambayi iyali sau biyu, sannan ya fito da maganar. Hukuma ta ce ranar da aikin nan ya tashi za a rufe gurbin masinja. Za a sallame shi cikin mutunci, da takardar yabo. Saura shekara uku ya yi ritaya a lokacin. Ya ce ba komai, ya yi godiya, ya fito. Amma abin ya taɓa shi har cikin ƙashi, don shi dai bai san inda mutum yake kai ƙafafunsa da ƙarfe bakwai na safe ba in ba asibiti ba.

Da labarin ya isa kunnen 'yar, ta same shi a baranda idonta ya yi ja. "Baba, wallahi ban san haka za su yi ba."

Ya ce, "Yi aikinki, Injiniya. Matsa min hanya, takarda ce a hannuna."

Wata biyu ana jan wayoyi ana buɗe tagogi, sai ranar gwaji ta zo. Aka haska allon kwamfuta a bango kowa yana gani. Babban Likita ya ce a kira masa kati mai lamba ɗari huɗu da goma sha bakwai, haka kawai ta faɗo masa a baki. Injiniya ta danna. Kafin mutum ya haɗiye yawu tagogin uku sun amsa, bayanai suka jeru reras.

Mai katin namiji ne, tsohon direba, ɗan shekara casa'in da huɗu. Ya haihu sau shida, haihuwar ƙarshe watan jiya. Ya yi ƙyanda sau uku. An cire masa haƙora arba'in da ɗaya. Jininsa rukuni uku ne daban-daban. Akwai kuma wata allura da aka rubuta da jan rubutu cewa in aka yi masa ita zai iya mutuwa, kuma an yi masa ita sau goma sha ɗaya.

Mai Magani ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mai Gwaji ya ce ai shi tun farko ya san ɗakin kati ba abin kirki a ciki. Uwar Kati ta cika ta yi fam, sannan ta fashe.

"To me? Tsohon direba ya rasu shekara goma sha biyu ke nan, Allah ya ji ƙansa. Katin gida ne! Mace ta zo min da jariri yana suma a hannu, in ce ta bi layin sabon kati ta cike fom shafi huɗu? Ta miƙo katin surukinta, na buga, ta wuce. Ku kashe ni!"

Babban Likita ya ce, "Kati nawa ne haka?"

"Ba su da yawa." Ta gyara tabarau. "Ɗari shida da wani abu."

Daga nan dariya ta ɗauke. Babban Likita ya nuna jan rubutun da ke bango ya ce a cikin mutanen gidan nan akwai wanda allurar nan za ta kashe, kuma kwamfuta ba ta san ko wane ne ba. Ba zai ɗora ran mutane a kan wannan ba. Ya ba Injiniya mako biyu ta raba mutanen da ke cikin kowane kati. In ta kasa, a rufe tagogin, a koma takarda, shi kuma ya rubuta wa kamfaninsu cewa aiki bai yi ba.

Injiniya ta tsaya tsuru-tsuru da waya a hannu. Ta yaya za ta raba su? Ba suna, ba shekaru, lamba ɗaya ce tal a kan komai.

A bakin ƙofa kuwa akwai mutum ɗaya da ya san wadda allurar ba ta karɓa. Matar ɗan direban na biyu ce, gajeriya mai wushirya. A bayan kowace takarda tata akwai da'ira da ɗigo biyu a ƙasa. Duk zuwanta Kai-Kawo ne yake raɗa wa Mai Magani ta taga cewa wannan ba a yi mata allurar nan. Zane-zanen da ake kai ƙararsa a kai, ashe su ne rajistarsa. Takardun kuwa suna nan jibge a cikin kwalaye a sito, ba a taɓa zubar da ko ɗaya ba.

Ya buɗe baki, sai ya rufe. Kada kowa ya zage shi, ni dai ba zan zage shi ba. Mutum ya ga aikinsa ya dawo masa da kansa, ba tare da ya yi ƙarya ko ya cuci kowa ba, shiru kawai ake nema ya yi. Kwana huɗu ya yi yana wannan shirun. Yana hawa matakala bibbiyu kamar saurayi, amma duk sanda ya wuce ta gaban sito ya hango 'yarsa zaune a ƙasa cikin ƙura da kwalaye, sai ya yi sauri ya kawar da kai. Ya fara zagayawa ta bayan ɗakin wanki don kada ya gan ta.

Safiyar kwana na biyar yana ɗaura takalmi, matarsa ta ajiye masa shayi ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, jiya 'yarka ta zo da takardun asibiti tana ta juya su. Ta ce wani ya yi musu zane-zane a baya."

Ya yi tari. "Yara ne, ko?"

"Yara? Shekara talatin ina zazzage aljihunka kafin wanki. Da'irar nan ko a mafarki na gan ta na san hannun wa ce." Ta matso. "Kai ne kake cika mana kunne da cewa ƙafafunka suka yi digiri. To yanzu ƙafafun kishi suke da digirin?"

"Ke ba ki san komai a kan aikin asibiti ba."

"Ban sani ba. Amma na san yarinyar nan kwana huɗu ba ta ci abincin kirki ba, kuma kai ma ba ka iya haɗa ido da ita. Sha shayinka."

Bai sha ba. Ya ɗauki jaka ya fita, kuma ranar bai bi ta bayan ɗakin wanki ba. Ya tura ƙofar sito, ya jawo wani kwali ya zauna a kai, ya karɓi takardar da ke hannun 'yarsa ya juya bayanta.

"Da'ira mace ce, sanda namiji. Ɗigo a sama, 'ya'yan gida ne, bi da bi. Ɗigo a ƙasa, surukai. In zanen ƙarami ne, jika ne. In kin ga an gicciye shi, maƙwabci ne."

Ta zaro ido. "Maƙwabci kuma, Baba?"

"To maƙwabcinka ba shi da lafiya, sai ka hana shi kati? Ke wace irin tarbiyya aka ba ki?"

Ta fara dariya, sai dariyar ta ɗauke. Ta dube shi ta ce, "Baba, ka san in wannan ya yi aiki..."

"Na sani, Uwata. Jawo kwali na gaba."

Kwana tara suka yi a siton nan. Ita tana bugawa, shi yana karanta bayan takarda, kuma ba ya karanta ɗaya bai haɗa da tarihi ba. Wannan sandar mai ɗigo uku shi ne wanda ya haɗiye marfin biro. Wannan da'irar ta rabu da mijinta ta koma katin gidansu, daga baya suka shirya ta dawo, don haka a neme ta a kati biyu. Injiniya ta buɗe taga ta huɗu, wadda aikinta kawai ta faɗi su wane ne a cikin kowane kati, kowa da sabuwar lambarsa. Tsohon direba shi kaɗai ya rabu gida ashirin da uku, aka mayar wa kowa cikinsa da haƙoransa, shi kuma aka bar shi ya huta.

Ranar gwaji na biyu komai ya tafi daidai. Jan rubutun ya koma kan gajeriya mai wushirya ita kaɗai. Aka yi tafi, kuma ba wanda ya kai Kai-Kawo ƙarfin tafi.

Bayan mako uku takardar sallamarsa ta fito. Doka ta ce sai shugabannin ɗakuna uku sun sa hannu a kanta, kuma ita wannan takardar ba ta cikin kowace kwamfuta. Babban Likita ya danna ƙararrawar kiran masinja bisa sabo. Da ya ga wanda ya shigo sai kunya ta kama shi, ya fara ƙoƙarin tura takardar ƙarƙashin fayil.

Kai-Kawo ya ce, "Kawo, ranka ya daɗe. Wa zai kai in ba ni ba?"

Uwar Kati ta sa hannu tana sharar hanci, ta ce mura ce. Ya hau matakala goma sha tara. Mai Gwaji ya sa hannu, ya buga tebur ya ce, "In ka sauka ka gaya wa malalacin can..." Sai ya juya bayan takardar ya miƙo masa. "Yi mata zanenka. Ba zan kai ƙara ba."

Mai Magani kuwa a fusace ya tare shi. Ashe sabuwar manhajar tana da wurin rubuta saƙo, kuma mako uku ke nan shi da Mai Gwaji suna rubuta wa juna kai tsaye.

"Kai-Kawo, ka cuce ni! Shekara ashirin da bakwai kana ce min mutumin nan yana gaishe ni. Bai taɓa gaishe ni ba, ko? Jiya jaki ya kira ni, da manyan baƙaƙe!"

"Ai kai ma ba ka taɓa cewa idonka ya yi rauni ba."

"Ni? Idona?" Mai Magani ya riƙe baki. Ya sa hannu a takardar da ƙarfi har biro ya huda ta, sannan ya riƙe hannun Kai-Kawo ta taga ya daɗe bai saki ba.

Injiniya tana tsaye a gefe tana ji. Ta ce, "Baba, wannan kam ban san yadda ake koya wa kwamfuta ba."

Ya ce, "Bar su. Ko dai su gaji su gaisa, ko ɗakin ɗinkin rauni ya samu aiki."

Ya mayar da takardar ofis, ya sa jakarsa a hammata ya nufi ƙofar fita. Mai gadi ya miƙe ya ce, "Baba, da gaske ne abin da nake ji? An sallame ka?"

Kai-Kawo ya tsaya ya ɗaga murya yadda har masu jiran mota za su ji. "Sallama? Korata aka yi! Kuma 'yata ce ta kore ni, 'yar cikina! Abin da nake yi a minti goma sha ɗaya, ita daƙiƙa biyu. Kai 'yarka ta taɓa korar wani?"

Ya faɗa wa mai gadi, ya faɗa wa mai sayar da jarida, ya faɗa wa wata tsohuwa da ba ta tambaye shi ba. Ya wuce da saurin nan nasa, kai a sama, har ya sha kwanar katangar asibiti inda yake zaton ba mai ganinsa. A nan ya rage tafiya.

'Yarsa da ta biyo shi a baya ta tsaya cak. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin babanta yana tafiya a hankali ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙarasa ta karɓi jakar daga hammatarsa, bai hana ta ba. Suka jera zuwa gida, a hankali.